Notin Sirdin da Na Ɗaure a Jidda

Tun ranar da na dawo daga Jidda ban huta da bakin mutane ba. Duk wanda ya kawo faci sai ya ja benci ya zauna ya ce, "Isuhu, ba mu labari." Wasu ma kekensu lafiya lau, da hannunsu suke sace iskar taya don su samu dalilin zama. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa ƙara gishiri yake in ya bar rumfata, har na ji ana cewa wai tsere na ci aka ba ni kofi. Ban ci komai ba sai shinkafa. Ga yadda aka yi, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Ga wanda bai san ni ba, gyaran keke nake yi a Malumfashi, shekara ashirin da 'yan kai. Yayana Habu, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tafi Jidda tun ban fara gemu ba, shi ma keken yake gyarawa a wani shago. Shi ya aiko min da bizar ziyara. A waya ya ce, "Ka zo ka yi Umra, sannan akwai wani keke da nake so ka hau min." Ni dai Umrar na ji, maganar keke ta shiga ta nan ta fita ta can.

Motar da ta kai ni Kano ba ta da wani labari, in ban da direban da ya yi ta ba ni shawarar yadda ake zama a jirgi alhali bai taɓa shiga ba. A filin jirgi aka fara. Na sa sufanata goma-sha-biyu a jakar hannu, wadda tun ina yaron shago take wurina. Ma'aikacin da ke duba kaya ya zaro ta ya ɗaga sama.

"Malam, me za ka kwance a cikin jirgi?"

Na ce, "Ba kwancewa ba, ranka ya daɗe. Ko da wani abu ya saki a hanya."

Bai yi dariya ba. Ya jefa ta cikin wani kwando mai cike da almakashi da kwalaben man shafawa, ya ce in wuce. Har muka tashi ina tunaninta, ita kaɗai ƙarfen kirki a cikin wannan tarkace.

Da muka sauka Jidda sai yatsuna suka tona min asiri. Akwai wani gilashi da ake ɗora yatsu ya ɗauki zanensu, to shekara ashirin na goge tib da ƙarfe da shafa gam sun cinye nawa tas. Saurayin da ke wurin ya danna hannuna, ya fesa masa ruwa, ya sa na goga a goshi, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba. Layi ya taru a bayana ana tsaki da yaruka kala-kala. Ya tambaye ni wani abu da Larabci, na gane sana'ata yake nufi, sai na juya hannuwa kamar feda. Ya ce, "Sekal?" Ashe haka suke kiran keke. Ya yi murmushi, ya kama babban yatsana na hagu ya matsa da ƙarfi, da shi kaɗai na shiga ƙasar.

Da ƙyar na gane Yaya Habu. Na bar shi siriri, na tarar da tumbi da farin gemu cikin jallabiya. Muka rungume juna, ni ina hawaye shi yana cewa "yalla, yalla", wai an hana tsayuwar mota a wurin. Gidansa a Waziriyya yake, hawa na uku, ɗaki biyu da falo, shi da matarsa Amna da 'ya'ya uku. Aka shimfiɗa min katifa a falo ƙarƙashin wata na'urar sanyi mai tari kamar tsohon injin niƙa. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne maƙwabta. Kwana biyu ina sallama a matakala ana amsa min da rabin baki ana rufe ƙofa. Na ce wa Yaya ko rasuwa aka yi a gidan, ya ce haka suke, kowa da katin zamansa kowa da damuwarsa.

Abinci kuwa ba laifi. Da safe ful da tamis, wato wake ne aka dafa har ya manta shi wake ne, a dangwala da burodi mai faɗin faifai. Da rana shinkafa, da yamma shinkafa, in ka yi ƙorafi a canza mata launi a sake kawo maka. Amna Bahaushiyar Sudan ce, da ta ga na fara ramewa sai ta tuƙa min abin da ta kira asida da miyar busasshiyar kuɓewa. Na ce mata, "Antina, wannan ai tuwonmu ne ya yi aure a Sudan." Ta ce in ci in yi shiru.

A makon farko na yi Umra, Allah ya karɓa. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba na rumfa ba.

Bayan nan ne Yaya ya kai ni shagonsu a Aziziyya, a hanya ya faɗa min abin da ke cinsa. A can baƙo ba ya zama sai da iƙama, katin izinin zama, kuma ba ka samunta sai da kafili, ɗan ƙasa wanda kake aiki a ƙarƙashinsa. Kafilin Yaya ya tsufa ya miƙa wa ɗansa Faisal shagon. Faisal ya ce ya gaji da kekunan yara da na masu kai gas, kekunan tsere zai riƙa kawowa, kuma yana son makaniken da ya san su. Gurbin makanike ɗaya ne a shagon. Iƙamar Yaya saura mata wata guda. Faisal ya kawo keke ɗaya na gwaji ya ce Yaya ya haɗa shi ya shirya masa, zai shiga tsere da shi. In keken ya kai shi ya dawo da shi lafiya, halas, wato shi ke nan, za a sabunta. In ba haka ba zai nemi wani.

Na ce, "In bai sabunta ba fa?"

Ya ce, "Sai mu tattara mu biyo ka. Yaran nan ko a hoto ba su san Malumfashi ba."

Shi gwiwa ta hana shi hawa, shi ya sa yake son in hau in gaya masa gaskiyar abin da na ji. Na bugi ƙirji na ce ya kwantar da hankalinsa, ba a yi keken da zai gagare ni ba.

Faisal ya iso muna shan shayi. Jikan Hausawa ne da suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna, gidansu a Ruwais, ɗan ƙasa ne cikakke. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ya yi ta haɗawa da Larabci. Ya ba ni hannu ya ce, "Sannu ya ammi, kaif hanya, kaif mutanen gida?" Ammi a wurinsu baffa ke nan. Yaro mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai kayan da ke jikinsa, wani wando ne da ya ɗame shi ɗam, wanda in ka sa shi a garinmu sai an kira maka 'yan'uwanka.

Aka sauko da keken daga inda aka rataye shi. Na tattara ƙarfi na ɗaga kamar yadda na saba, saura kaɗan in buga shi da silin. Yatsa biyu sun ishe shi. Na ƙwanƙwasa jikinsa na ji ƙwas-ƙwas kamar ƙwarya. Yaya ya ce ba ƙarfe ba ne, kabon ne, wani zare ake saƙawa a haɗa da gam a gasa. Na ce to in ya karye wane mai walda ake kai wa? Ya ce ba a kai wa kowa, jefarwa ake. Babu kariyar ɗaukar kaya, babu madigadi, babu ƙararrawa, babu abin jingine shi. Kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Tayoyin masu kauri ne da ƙuraje, kuma babu tib a ciki, wani farin ruwa ake ɗurawa mai toshe huda da kansa. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, domin da facin nan nake ciyar da mutum tara.

Sai Yaya ya fito da wata sufana mai lambobi a jiki. In kana ɗaure noti da ita, da ya kai inda aka saita sai ta yi ƙas, ka tsaya. Ya ce kabon ba ya son matsi, wata biyu ya yi yana koyon abin, 'yarsa na karanta masa littafin keken. Na karɓa na juya ta na mayar masa. Ni maigidan da ya koya min aiki ƙa'idarsa ɗaya ce, in noti yana juyawa to bai ɗauru ba, har bututu muke zura wa sufana mu hau kai. Ban faɗa wa Yaya ba, amma a raina na ce wannan sufanar malalata ce.

Washegari bayan asuba muka fita gabas da gari, inda kwalta ta ƙare aka shiga tsakuwa da yashi. Kafin in hau na matsa taya na ji ta yi laushi kamar tumatir ya kwana. Na faki ido na ɗauko famfo na ba ta iska sai da ta yi tauri. Ban yi nisa ba na gane kurena. Keken ya riƙa tsalle a kan tsakuwa, haƙorana na haɗuwa, da na shiga yashi sai tayar gaba ta nutse ya ajiye ni a gefe cikin ladabi. Yaya ya ƙaraso yana ɗingishi, ya matsa tayar, ya dube ni, ya sace iskar.

Da na sake hawa sai na ji wani keke dabam. Jama'a, zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba. A tsakuwa lafewa yake, ba ya watsar da kai. A hawa ba ka jin kana jan komai sai nauyin jikinka da na ful ɗin da ka ci. Birkinsa da yatsa ɗaya ake kamawa, kuma in ka kama da hannu duka irin namu za ka riga keken isa. Giyarsa tana shiga ba gardama. Aibinsa kuwa, sirdin kamar an kafa maka bakin fartanya, a yashi mai zurfi dole ka sauka, kuma ba zai ɗauki buhun masara ba, ba zai kai mai naƙuda asibiti ba. Na gaya wa Yaya haka, na ce haɗinsa ya yi, ko ƙara ɗaya ban ji ba. Na ga ya saki ajiyar zuciya, ya ce in ƙara zagaye ɗaya in saurari kaca.

Tseren ranar Asabar aka yi da sassafe, a wani fili da aka kewaye da igiya. Sai an zagaya shi sau shida, akwai tsakuwa, akwai ramin yashi, akwai wani tudu, akwai katakai biyu da aka gicciya a hanya. Muna isa na hango mutum uku suna gudu da kekuna a kafaɗa. A garinmu mutum ba ya saɓa keke sai in ya lalace, don haka na ce wa Yaya, "Ga kasuwa ta buɗe," na nufe su ina ɗaga hannu ina cewa su kawo. Yaya ya riƙo rigata. Ashe tsarin wasan ke nan, in ka zo katako ko tudu ka diro, ka saɓa keken, ka yi gudu, ka ajiye, ka daka tsalle ka faɗa kan sirdi. Wato ka sayi abin hawa don ka riƙa ɗaukarsa. Shi ya sa suke son marar nauyi.

Wannan tsallen da na ga suna yi shi ya jawo komai. Faisal ƙato ne, na duba shi na duba siririyar sandar da ke riƙe da sirdi, hankalina bai kwanta ba. Yaya ya tafi karɓo lambar da ake maƙalawa, Faisal yana can yana miƙe ƙafa, aka bar ni da keke da akwatin kayan aiki. Na ɗauki alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen ɗaure noti, na sa a notin da ke matse sandar, don in duba kawai. Ya juya. Na ce a raina, ka ga abin da nake gudu, tsufa ya kama Yaya, zai rasa iƙama a kan noti ɗaya. Na ba shi juyi guda. Ya sake karɓa, na ƙara masa rabi, har na ji ɗan ƙaramin ƙara, irin wanda a wurinmu ke nufin aiki ya yi. Na mayar da alanki ina jin daɗin na rufa wa ɗan'uwana asiri.

Zagaye biyu na farko Faisal yana cikin na gaba-gaba. Keken yana tafiya kamar yadda na faɗa, Yaya yana ta salati a hankali, ni kuwa ina ihu da Hausa ba mai jin abin da nake cewa. A zagaye na uku ya tsallake katakan a gabanmu, ya ajiye keken, ya daka tsalle. Sandar ta karye daidai inda na matse. Sirdi ya yi gefe, Faisal ya zauna a kan tayar baya, daga nan ya gangara cikin igiya. Wandon nan ya yage tun daga inda ba a faɗa.

Ya taso yana ɗingishi, gwiwa da gwiwar hannu duk jini, sirdin a hannunsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya nuna wa Yaya bakin karayar, inda zaren ya murƙushe, ya ce, "Ammi Habu, wannan matsi ne. Wa ya ɗaure?"

Yaya ya dubi sandar. Ya dubi akwatin, inda alanki yake kwance ba a gurbin da ya bar shi ba. Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Ni na haɗa keken, ya waladi," wato ɗana.

Faisal ya gyaɗa kai ya ce, "Halas, magana ta ƙare," ya juya zai tafi.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma tsoro ya kama ni, don na ga yara uku da Amna a tashar motar Malumfashi da akwatuna. Na sha gabansa na ce, "Faisal, tsaya. Kana jin Hausa, to ka ji wannan da kyau. Yaya ya ɗaure shi daidai da sufanarsa mai ƙas. Ni na zo daga baya na ƙara juyi ɗaya da rabi da alanki. Ban san aikin ba, na ɗauka na fi shi sani."

Ya ce, "Lesh? Don me?"

Na ce, "Yana juyawa."

Ya tsaya yana kallona, hannu ɗaya riƙe da sirdi, ɗaya riƙe da bayan wando. Daga nan muka shiga mota muka koma gari. Da muka hau matakalar gida na ce wa Yaya me ya sa ya ɗauki laifin. Ya ce, "Da bizar ziyara ka zo, ba a yarda ka taɓa kayan aiki ba. Kuma ni na kira ka." Amna ta ji labari, ranar shinkafa ta ba ni ba miya.

Kwana huɗu Faisal bai leƙo shago ba. Yaya yana buɗewa da safe, ya share, ya zauna. A rana ta biyar ya shigo da bandeji a gwiwa da sabuwar sanda a kwali. Ya miƙa wa Yaya ya ce ya sa. Sannan ya ɗauki kujera ya kai bakin titi, ya nuna min ya ce, "Kai ya ammi, barra, waje. Daga nan za ka taimaka." Ta gilashi na kalli Yaya ya shafa wa sandar wani mai, ya saita lamba, ya juya a hankali. Sufana ta yi ƙas, ya ajiye ta. Faisal ya fito da keken ya daka masa tsalle sau uku a gaban shago, ya zagaya layin, ya dawo ya rataye shi. Bai ce za a sabunta ba, bai ce ba za a sabunta ba, ya aika aka sayo mana shayi.

Haka na ƙarasa kwanakina a kan kujerar nan, ina gadin titin Aziziyya kyauta. Ranar komawata Yaya ya raka ni filin jirgi. Muna cikin layin auna kaya wayarsa ta yi ƙara. Ya nisanta ta da ido ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya miƙo min duk da ya san ba na karanta Larabci.

Ya ce, "An sabunta."

Na rungume shi a gaban mutane, na ce alhamdu lillahi ya fi sau goma. Da na sake shi na ce, "Ta shekara nawa aka ba ka?"

"Ɗaya."

"Ɗaya? Bayan shekara talatin da huɗu a shagon nan?"

Ya mayar da wayar aljihu, ya ɗaga jakata ya ɗora a kan sikeli.

Ya ce, "Kullum ɗaya ce, Isuhu. Sau talatin da huɗu ke nan ina jiranta. Matsa gaba, layi ya tafi."